Baki, Hannu da Ido: Yadda Mutane Ke Raba Wa Gaɓoɓinsu Aiki a Gaban Kwamfuta

Kusan duk lokacin da aka fito da sabuwar hanyar bai wa kwamfuta umarni, sai an sami masu cewa kwanan tsohuwar hanyar ya ƙare. An faɗi haka game da allon madannai, wanda aka fi sani da kibod, lokacin da linzamin kwamfuta ya yaɗu a shekarun 1980, an maimaita maganar bayan 2007 sa'ad da wayoyi masu gilashin da ake taɓawa da yatsa suka fara cika kasuwa, aka kuma sake tayar da ita daga 2011, lokacin da kamfanin Apple ya sanya Siri, manhajar da ke sauraron murya, a cikin wayoyinsa. Har yau babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da ta kori 'yar'uwarta, domin abin da jama'a suka yi shi ne riƙe su gaba ɗaya, suna ɗaukar kowacce a inda ta fi dacewa, suna kuma haɗa biyu ko uku a aiki guda ba tare da wani ya koya musu ba. Masana fannin hulɗar mutum da kwamfuta suna ɗaukar kowace irin wannan hanya, ko murya ce, ko taɓawa, ko rubutu da alƙalami, ko nuni da hannu, ko kallo, a matsayin kafa mai zaman kanta wadda saƙo ke bi ya isa ga na'ura, kuma fiye da shekara 40 ke nan suna binciken yadda mutane ke sarrafa kafofi da yawa tare. Abin da binciken ya yi ta nunawa ya saɓa wa zaton masu ƙera na'urori na farko, domin ba safai mutum ke faɗin abu ɗaya sau biyu ta kafofi biyu ba, raba saƙon yake yi, ya ba kowace gaɓa ɓangaren da ta fi gwanancewa a kai.

Tushen wannan ɗabi'a ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, don yana cikin yadda ɗan Adam ke magana da ɗan'uwansa. A kowane harshe akwai kalmomi irin su "wannan" da "wancan" da "nan" da "can", waɗanda ma'anarsu ba ta cika sai an ga inda mai magana ya nuna ko ya kalla, ta yadda wanda ya saurari muryar kaɗai ba zai san abin da ake nufi ba. Adam Kendon ɗan Birtaniya da David McNeill na Jami'ar Chicago sun shafe shekaru suna nazarin hotunan mutane suna hira, suka tabbatar da cewa motsin hannu ba ado ne na magana ba, yana ɗauke da bayanin siffa da girma da alƙibla waɗanda sau da yawa baki bai furta ba, kuma hannun yakan fara tashi tun kafin kalmar da yake rakiya ta fito. Haka lamarin yake a wajen mai sauraro: a 1976 Harry McGurk da John MacDonald sun wallafa a mujallar Nature sakamakon gwajin da suka ɗora sautin "ba" a kan hoton leɓɓan da ke furta "ga", inda mafi yawan manyan da aka gwada suka ce "da" suka ji, sautin da kunne bai ji ba, ido kuma bai gani ba.

Tun kafin murya ta shigo cikin lamarin, kwamfutocin farko da aka ƙera don mutum ya yi aiki da su kai tsaye sun riga sun ba hannuwa biyu ayyuka mabambanta. A 1963 Ivan Sutherland, wanda a lokacin yake karatun digiri na uku a jami'ar MIT ta Amurka, ya gabatar da manhajar zane mai suna Sketchpad, inda hannu ɗaya ke riƙe da alƙalami mai gane hasken gilashin kwamfuta yana nuna wuri, ɗayan kuma yana danna maɓallan da ke faɗa wa na'urar abin da za ta yi a wurin, ko layi za ta ja ko da'ira. Ranar 9 ga Disamba 1968, a birnin San Francisco, Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana kusan 1,000 tsarin da ya gina tare da abokan aikinsa, hannunsa na dama a kan linzami, na hagu a kan wani ƙaramin akwati mai madannai biyar da ake danna su a haɗe don fitar da haruffa da umarni, kibod kuma yana tsakiya don dogon rubutu. Linzamin ya karɓu a duniya, akwatin bai karɓu ba, amma rabon aikin ya wanzu, kamar yadda ake gani ga ma'aikacin ofis da ke danne maɓallin Shift da hagu yana zaɓen fayiloli da hannun dama.

Wanda ya yi wa wannan rabo cikakken bayani shi ne Yves Guiard, masanin halayyar ɗan Adam daga Faransa, a wata maƙala ta 1987. Ya nuna cewa a yawancin ayyukan hannu biyu, hannun da mutum bai fi amfani da shi ba, wato hagu ga mafi yawan mutane, shi ne ke fara motsi, ya tsara wurin da aikin zai gudana, ya yi manyan motsi a tsanake, sannan ɗayan ya biyo da ƙananan motsi masu sauri da ke buƙatar saiti. Rubutu ma, wanda kowa ke ɗauka aikin hannu ɗaya ne, bai tsira ba, domin da aka shimfiɗa takardar kabon a kan tebur ƙarƙashin shafin da mutum ke rubutu, sai aka ga cewa alƙalamin bai zagaya faɗin shafin ba, a wani ɗan yanki kawai ya yi ta kai-kawo, hagu ce ke ta matsar da takardar tana kawo ta inda dama ke jira. Duk wanda ya lura da almajiri yana rubuta allo ya ga haka, hagu tana riƙe da allon tana karkata shi tana ɗaga shi, dama tana biye da alƙalami da tawada. Shekara guda kafin maƙalar Guiard, William Buxton da Brad Myers sun yi gwaji a Jami'ar Toronto ta Kanada, suka ga cewa waɗanda aka ba damar gungura rubutu da hannu ɗaya su zaɓi kalma da ɗayan sun fi masu yin duka biyun da hannu guda sauri.

Haɗa murya da nuni kuwa an fi danganta farkonsa ga Richard Bolt na MIT, wanda a 1980 ya gabatar da wani tsari da aka sani da Put-That-There, wato umarnin a ɗauki wancan a ajiye a can. Mai amfani da shi yakan zauna a kujera yana fuskantar bango mai ɗauke da babban hoto, misali taswirar tekun Karibiyan, da makirufo kusa da bakinsa da wata 'yar na'urar maganaɗisu ɗaure a wuyan hannunsa mai gano inda ya miƙa hannu. In ya ce a matsar da "wancan" yana nuna wani jirgin ruwa, ya ce "can" yana nuna gefen wani tsibiri, sai kwamfutar ta duba inda hannun yake a daidai lokacin da aka furta kowace kalma, ta cike gurbin ma'anar da shi. Kalmomin da na'urar sauraron ke ganewa ba su wuce 120 ba, amma an ga cewa ba sai mutum ya san sunan abu ba kafin ya ba da umarni a kansa. Illar gwajin ita ce tasirinsa ya wuce kima, har masu ƙera irin waɗannan tsare-tsare suka daɗe suna ɗauka cewa magana da nuni a lokaci guda shi ne ainihin yadda mutane ke haɗa kafofi.

Sharon Oviatt, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta yi aiki a jihar Oregon ta Amurka a shekarun 1990, ita ce ta fi kowa warware wannan zato. Maimakon ta ɗora mutane a kan manhajar da ta riga ta iyakance abin da za su iya yi, sai ta yi amfani da dabarar ɓoye ma'aikaci a wani ɗaki yana amsa umarni cikin sauri a madadin kwamfuta, su kuwa waɗanda ake gwadawa suna zaton da na'ura suke hulɗa, an ba su alƙalamin lantarki da makirufo, an ce su yi ayyuka a kan taswirar gari yadda suka ga dama. Kusan dukkansu, kashi 95 zuwa 100 cikin 100, sun ce sun fi son a bar musu kafofin biyu, amma da aka ƙidaya umarnin da suka bayar, sai aka ga kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai suka haɗa murya da alƙalami, sauran da kafa ɗaya suka yi. Haɗawar kuma ba da ka ake yin ta ba, tana bin irin aikin: in umarni ya shafi wuri, kamar ƙara wani abu a taswira, matsar da shi, ko auna nisa tsakanin abubuwa biyu, nan ne kafofin biyu ke haɗuwa kusan kullum, in kuwa umarnin bai shafi wuri ba, kamar a buga taswirar a takarda, haɗawar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Nuni da magana irin na Bolt kuma kashi 14 cikin 100 ne kawai na abin da aka haɗa, domin mutane sun fi amfani da alƙalamin wajen zana layi da da'ira da kibiya da rubuta lambobi, abubuwan da suka fi nuni kawai ɗaukar bayani. A 1999 Oviatt ta tattara waɗannan sakamako a mujallar Communications of the ACM, a maƙalar da ta lissafa kurakuran fahimta guda 10 da suka yi katutu a fannin.

Mafi nauyi a cikinsu ga mai ƙera manhaja shi ne batun lokaci. An gano cewa mutane kashi biyu ne a nan: akwai masu yin magana da zane a tare, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, akwai kuma masu gama zanen tukuna, su ɗan yi shiru, sannan su yi magana, kuma a wajen waɗannan na biyu alƙalami ne ke gaba kusan kullum, tazarar takan kai sakan ɗaya zuwa biyu, ba ta cika wuce huɗu ba. Kowane mutum yana da nasa salon tun daga umarnin farko, yana riƙe da shi kusan sau 9 cikin 10 ko fiye, kuma ƙoƙarin koya masa ɗayan salon bai cika yin tasiri ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa yara sun fi karkata ga yin abin a tare, tsofaffi kuma sun fi barin tazara mai tsawo. Wannan ya jefa mai ƙera manhaja cikin tsaka mai wuya, domin in na'ura ta ga an zana da'ira dole ta yanke hukunci ko ta aiwatar nan take ko ta jira magana, in ta yi gaggawa ta katse mai jinkiri, in ta jira ta gajiyar da mai sauri. Tsarin QuickSet, wanda Philip Cohen da abokan aikinsa suka gina a Oregon wajen 1997 don tsara atisayen soja a taswira, yakan jira 'yan sakanni bayan zane, amma mafita mafi kyau da binciken ya nuna ita ce na'urar ta gane salon mai amfani da ita daga umarninsa na farko-farko, ta daidaita jiranta da shi.

Harshen kansa yakan sauya idan hannu ya shigo. Jimlolin sukan gajarce, inda-inda da gyaran magana sukan ragu sosai, domin abin da ya fi sa mutum tuntuɓe a magana shi ne kwatanta wuri da baki, irin su gabas da kaza, bayan kaza, kusa da mahaɗar kaza, kuma alƙalami ya ɗauke wannan nauyi da layi ɗaya. Har jerin jimla yakan juya, inda masu magana da Ingilishi, waɗanda bisa al'adar harshensu sukan ambaci wuri a ƙarshe, suka koma nuna wurin da farko sannan su faɗi abin da za a yi a can. Saurin gama aiki bai ƙaru da yawa ba, kusan kashi 10 cikin 100 ne, ribar ta fi fitowa wajen raguwar kuskure. A wani bincike na 2004, Oviatt da abokan aikinta sun ga cewa yayin da aiki ke ƙara wahala, mutane suna ƙara haɗa kafofi, daga kusan kashi 59 cikin 100 a ayyuka masu sauƙi zuwa 75 a mafi wahala, abin da suka fassara da cewa mutum yana rarraba nauyin tunani ne tsakanin baki da hannu idan ƙwaƙwalwa ta cika.

A Grenoble ta Faransa, Joëlle Coutaz da Laurence Nigay da abokan aikinsu sun tsara a 1995 hanyoyi huɗu da kafofi ke danganta da juna, kuma har yanzu ana amfani da rabon nasu. Wani lokaci kafofi biyu daidai suke, mutum ya zaɓi wadda ya so, kamar buɗe waya da zanen yatsa ko da lambar sirri. Wani lokaci aiki ya keɓanta ga kafa ɗaya. Wani lokaci ana maimaita saƙo ɗaya ta kafofi biyu don tabbatarwa. Wani lokaci kuma kowace kafa tana kawo rabin saƙon, sai an haɗa ma'ana ta cika. Na ƙarshen nan shi ne ya fi yawa idan mutane suka haɗa kafofi, maimaitawa kuwa ita ce mafi ƙaranci, ko da yake ita masu ƙera na'urori suka fi zato da farko.

Ta ɓangaren na'ura, ana iya haɗa saƙonnin tun suna ɗanye, kafin a fassara su, wanda ya dace da kafofin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar sauti da motsin leɓe, ko kuma a bar kowace kafa ta fassara nata, ta kawo jerin abubuwan da take zato daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni, sannan a nemi waɗanda suka dace da juna. Hanya ta biyu tana da wata fa'ida da ba a yi tsammani ba, wato kafofi biyu masu rauni suna iya gyara wa juna kuskure. A ƙaddara cewa injiniya yana duba taswira, ya ja layi ya ƙetare kogi, ya ce a sa gada a nan, na'urar sauraro kuma saboda hayaniya ta fi zaton "gida" ya ce, ta sa "gada" a matsayi na biyu. Tun da gida ɗigo ne a taswira, ba layi ba, abin da aka zana kuma layi ne, sai zaton farko ya faɗi, na biyu ya hau. A gwajin QuickSet da aka wallafa a 1999, umarni 1 cikin 8 ta wannan hanya aka gane shi daidai, kuma a gwaje-gwaje daban-daban kuskuren ganewa ya ragu da kashi 19 zuwa 41 cikin 100, waɗanda suka fi cin ribar kuwa su ne masu magana da Ingilishi da karin wani harshe, da masu aiki a wuri mai hayaniya. Wannan sakamako ya kamata ya fi jan hankalin ƙasashen da mafi yawan jama'arsu ba da harshen uwa suke magana da na'ura ba.

Idan na'ura ta yi kuskure, nan ma kafa ta biyu ke ceto. Mutumin da ba a gane maganarsa ba yakan maimaita da ƙarfi, yana jan kalmomi yana rarrabe su, kamar yadda zai yi wa mai nauyin ji, alhali wannan furuci ya ƙara nisa da irin maganar da aka horar da na'urar da ita, sai kuskure ya haifi kuskure. Bernhard Suhm da Brad Myers da Alex Waibel sun nuna a 2001 cewa gyara ta wata kafa, kamar rubuta kalmar da alƙalami ko zaɓenta a jeri, ya fi maimaita magana nasara. Shi ya sa sakamakon binciken 2016 na jami'o'in Stanford da Washington da kamfanin Baidu na Sin, wanda ya nuna cewa shigar da gajeren saƙo a waya da murya ya ninka bugawa da yatsa sauri kusan sau 3 a Ingilishi da 2.8 a Sinanci, bai kawo ƙarshen kibod ba. An yi gwajin ne a ɗaki marar hayaniya, kuma ko a can yawancin gyara da yatsa aka yi.

Ido yana da matsala tasa ta daban. Shi ne ya fi kowace gaɓa saurin isa ga abin da mutum ke so, yana tsalle sau uku ko huɗu a sakan guda, amma aikinsa na asali gani ne, ba ba da umarni ba. Robert Jacob, a cibiyar binciken sojan ruwan Amurka, ya bayyana a 1990 cewa in aka mai da kowane kallo umarni, mutum zai shiga halin sarki Midas na tatsuniyar Girkawa, wanda duk abin da ya taɓa ke zama zinariya har abincinsa. Sa mutum ya ƙura wa abu ido na ɗan lokaci kafin a zaɓa yana aiki, kuma shi ne abin dogaro ga masu shanyewar jiki da ba su da wata kafa, amma yana gajiyarwa. A 1999 Shumin Zhai da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka raba aikin, ido ya kai kibiyar linzami kusa da wurin, hannu ya ƙarasa saitin ya danna, tsarin da ya yi daidai da bayanin Guiard na babban motsi da farko, ƙarami daga baya. Tabaran Vision Pro da Apple ya fara sayarwa a Amurka a Fabrairun 2024 a kan wannan tushe yake, mutum ya kalli abu, ya haɗa babban yatsa da manuniya, sannan umarni ya tabbata.

Sai dai yawan kafofi ba ya ƙara wa mutum hankali na biyu, kuma a mota ne aka fi ganin haka. An daɗe ana tallata umarnin murya a matsayin abin da ke barin hannu a sitiyari, ido a kan hanya, amma binciken da David Strayer na Jami'ar Utah ya yi wa gidauniyar kiyaye haɗurran hanya ta AAA a 2015 ya nuna cewa hankalin direba yana iya ɗaukar har sakan 27 kafin ya dawo kan tuƙi bayan ya gama magana da na'urar, wanda ga mai tafiyar kilomita 40 a awa ya kai mita 300. Mayar da komai kan gilashin taɓawa ma ya jawo nasa ƙorafin, domin maɓallin gaske hannu yana lalubo shi ba tare da ido ba, gilashi kuwa sai an kalla. Hukumar Euro NCAP mai auna lafiyar motoci a Turai ta sanar da cewa daga 2026 za ta riƙa la'akari da ko mota tana da maɓallai ko sanduna na zahiri don sigina da hon da waifa da fitilun gargaɗi da kiran gaggawa wajen ba ta maki.

A ƙasar Hausa haɗa kafofi ya zama ruwan dare ta hanyar waya, ko da ba a kira shi da wani suna ba. Rubuta Hausa a kibod ɗin waya yana da wahalarsa, saboda haruffa masu ƙugiya sai an danne an jira ko an sauya tsarin madannai, manhajar gyaran rubutu kuma takan mai da kalmomin Hausa na Ingilishi, ga kuma mutane da yawa da suka iya ajami ko ba su yi nisa a boko ba. Saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013 kuma kamfanin ya ce a 2022 ana aika biliyan 7 a kullum a duniya, ya cike wannan giɓi, amma ba shi kaɗai yake tafiya ba. 'Yar kasuwa mai sayar da atamfa takan tura hoton kaya, ta zagaye wadda take nufi da yatsa, ta yi bayanin inganci da ciniki da murya, sannan ta rubuta farashi da lambar asusun banki da lambobi, domin lamba ce abin da ba a son a ji ba daidai ba, kuma ita ake kwafewa. Wannan shi ne rabon da Oviatt ta gani a ɗakin gwaji, wuri ga hannu, bayani ga baki, adadi ga rubutu. Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore ta Indiya sun ga irin haka tun wajen 2006 a aikinsu da mata masu aikatau waɗanda ba su iya karatu ba, inda zane mai sauƙi haɗe da bayanin murya ya ba su damar kammala ayyukan da rubutu zalla ya hana su, lambobi kuma ba su zame musu cikas ba. A Oktoban 2024 Google ya sanar da ƙara Hausa cikin harsunan Afirka da za a iya shigar da su da murya a wasu manhajojinsa, kuma bisa abin da aka sani game da gyaran kuskure, amfaninsa zai dogara ne a kan sauƙin gyara kalma da yatsa kamar yadda ya dogara a kan ingancin sauraron.

Akwai kuma abin da ɗakin gwaji ba ya aunawa, wato kunya da sirri da ladabi. Ba wanda zai furta lambar sirrinsa ta banki a cikin motar haya, kuma mutum yakan rage murya ko ya koma rubutu a gaban manya ko a wurin zaman makoki, ba don na'urar ta gaza ba. Nuni ma ba iri ɗaya ba ne a duniya, domin a wurare da yawa, har da ƙasar Hausa, nuna mutum da yatsa rashin ladabi ne, akan yi zunɗe da baki ko a karkata kai, na'urar da aka horar da ita a kan manuniya kaɗai kuwa ba za ta ga wannan nuni ba.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na baya-bayan nan sun dawo da tsohon burin Bolt cikin aljihu. A Janairun 2024 Google ya fito da tsarin da ake zagaye abu da yatsa a fuskar waya a nemi bayaninsa, a watan Mayu na shekarar kuma kamfanin OpenAI ya nuna tsarinsa mai suna GPT-4o yana karɓar murya da hoton kyamara da rubutu a hira ɗaya. Bambancinsu da tsare-tsaren shekarun 1990 shi ne ba a rubuta musu ƙa'idojin haɗawa da hannu ba, daga tarin misalai suke koyo, don haka ƙwarewarsu a kan wani harshe ko wani salon nuni tana bin yawan misalan da suka gani daga masu shi. Kowace kafa da aka ƙara kuma ƙofa ce da ke buɗe, makirufo yana jiran kalma, kyamara tana kallon ɗaki, na'urar bin motsin ido tana sanin abin da ya ja hankalin mutum tun kafin ya yanke shawara, bayanin da masu talla za su so ƙwarai. Apple ya ce a tabaransa ba a miƙa wa manhajoji da shafukan intanet inda mutum ke kallo, zaɓin da ya tabbatar da yatsunsa kawai ake aika musu, amma wannan tsarin kamfani ɗaya ne, ba ƙa'ida ce da ta hau kan sauran masu ƙera irin waɗannan na'urori ba.